Sharhi: Dajin fata da tsoron wuƙar likita

Jama'a masu sauraro, yau maganar dajin fata za mu yi, kansar da yawancinmu muke ɗauka ciwon Turawa ce, wai mu baƙar fata ba ruwanmu. To wallahi da ruwanmu.

Ku duba 'yan uwanmu zabaya. Fatarsu ba ta da isasshen sinadarin melanin da ke tare zafin rana, kuma ga shi a rana ake noma, a rana ake talla, a rana ake acaɓa. Abin yakan fara da ɗan ɓawo mai kaushi a kunne ko leɓe ko ƙeya, a ɓanɓare shi ya dawo, a sake ɓanɓarewa ya yi jini, wata biyu wata uku yana nan, ana ta shafa man zafi da garin magani har ya zama rami. Sauranmu ma ba mu tsira ba, don a baƙar fata akwai wata irin kansar da ta fi son tafin ƙafa da ƙarƙashin farce, wani baƙin tabo da ke faɗaɗa yana canza kamanni. Irinta ce ta kashe mawaƙi Bob Marley a 1981, kuma daga yatsan ƙafa ta fara. Haka tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya shekara da shekaru, shi ma yana iya rikiɗewa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne maganar nan da ake yi a gari, wai in ƙarfe ya taɓa daji sai ya fusata ya bazu. Wannan magana ta kai mutane da yawa kabari. Abin da ke faruwa shi ne ba a zuwa asibiti sai ciwo ya riga ya shiga kaluluwa ko ya ci ƙashi, in an yi tiyata mutum ya rasu sai a ce wuƙa ce. Alhali da wuri aikin ƙarami ne: a ɗebi ɗan nama a kai lab a gwada, in kansa ce a yanke ta haɗe da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye don kar a bar saura, sau da yawa allurar kashe zafi kawai ake yi a wurin, mutum ya koma gida a ranar. In wurin ya yi faɗi a ɗauko fata daga cinya a lulluɓe. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato suna wannan aiki.

Iyayen zabaya, don Allah malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu tun yaro yana rarrafe, a rage fita daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Man kariyar rana kuwa ya fi ƙarfin talaka, kuma rabon da ake yi ran 13 ga Yuni, ranar zabaya ta duniya, ba ya kai su ko'ina. Gwamnatocin jihohi su ajiye shi kyauta a asibitocin sha-ka-tafi duk shekara.