An ɗaga mota, farfela ta fara kuka

Assalamu alaikum jama'a, yau ina wani garejin mutanenmu a Agege, nan Legas. Ku matso mu leƙa ƙarƙashin wannan Hilux ɗin. Mai ita a Ajah yake aiki, kuma wanda ya san yadda ruwa ke cin titunan Lekki da damina ba zai ga laifinsa ba da ya ƙara mata tsayi inci 3. To amma tun daga nan, da ta ɗauki gudu sai ƙasan kujera ya kama karkarwa.

Wannan doguwar sandar ita ce farfela, ita ke kai ƙarfi daga giya zuwa tayoyin baya. Wannan mahaɗin kuwa shi ne kuros. Da aka ɗaga motar, giya ta yi sama, aksul, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, yana nan inda yake, sai farfela ta ƙara karkata. Kuros in yana aiki a karkace, juyinsa ba ya tafiya bai ɗaya, sau 2 yake sauri ya lafa a kowane zagaye. Kamfani ya daidaita kuros na gaban farfela da na bayanta don su shanye wannan tsakaninsu, ɗagawar ce ta ɓata lissafin. Bari in girgiza shi da hannu. Kun ji ƙwas-ƙwas? Ga kuma jar ƙurar tsatsa a bakin kofinsa, giris ya daɗe da ƙarewa.

Abin da ke damuna, da yawa kasuwar kayan mota ta Ladipo suke rugawa su sayo farfela tokumbo. Tsayinta ɗaya da tsohuwar, karkatar ma tana nan, ba da daɗewa ba za ta mutu.

Na ce wa mai garejin, “Maigida, mene ne mafita?” Ya ce a fara auna karkatar tukuna. In kaɗan ce, a sa ƙarfe a sauko da boris ɗin da ke riƙe tsakiyar farfela, a cusa siririn ƙarfe mai gangara ƙarƙashin sifirin don gyara fuskar aksul, sannan a sa sabon kuros mai bakin giris. In ɗagawar ta yi yawa, sai farfela mai kuros biyu a kai ɗaya, a nan kuwa dole bakin aksul ya kalli giya sak. Ta fi tsada, amma ni ita zan zaɓa.

A tayoyin gaba ma ku duba robar da ke rufe mahaɗin shaf, karkata na yaga ta. Kuma duk ranar da kuka ratsa ambaliya, a buga wa kuros giris, don ruwa da yashi na shiga ciki.