Kurungu a Tankin Gilashi: Wa Ya Ce Datti Yake Ci?

Jama'a, salamu alaikum. Kwana biyun nan wata magana ke ta yawo a intanet: wai ka jefa kifi mai zama a ƙasan ruwa guda ɗaya a tankinka, zai cinye dattin duka, ka huta da wanki. Har masu sayarwa za ka ji suna cewa, "Ai wannan mai shara ne, ba a ba shi abinci."

To, ku dubi tumbin wannan kifin. Kun ga yadda ya lotsa? Yunwa ce.

Wannan da kuke gani kurungu ne, nau'in da masana ke kira Synodontis eupterus. Ɗan gida ne, akwai shi a Kogin Neja da yankin Tafkin Chadi da Kogin Volta. Mu farfesu muke da danginsa, a Turai kuwa ado ake da shi. Waɗannan ƙananan masu wasa cikin yashi su ne Corydoras, daga Kudancin Amurka suke.

Babu ɗayansu da ke cin kashin kifi. Abincin da ya faɗo ƙasa suke tsinta. In kuwa kifayen sama masu zalama ne, ga su nan, ko ɓarɓashi ba sa bari ya sauka.

Nan ne ake kuskure, don haka mu tsaya. Kurungu da dare yake kiwo. Ku kashe fitilar tankin, ku ba shi kamar minti 20 zuwa 30, har na saman su lafa. Sannan ku kawo abinci mai nutsewa. Mai nutsewa fa, ban da wanda ke yawo a saman ruwa. Ku saka shi daf da bakin maɓoyarsa, kuma wuri ɗaya kullum, zai gane. In wani mai rawar kai yana cafkewa a hanya, ku tsayar da bututun roba a cikin ruwan, ku zura abincin ta ciki ya sauka kai tsaye.

Sai ku ja baya. Wannan shi ya fi wa mutane wuya. Mutum ya manna fuska a gilashi, ya dallara tocilan, sannan ya ce kifin ba ya cin abinci. Kai ma a tsaya a kanka haka ai loma ba za ta wuce ba. Shi ba ya buƙatar haske, da gashin bakinsa yake lalube yana ɗanɗanawa. Ku dai kalla… ga shi ya leƙo… ya koma… yauwa, ya ɗauka.

Kaɗan ake sakawa. Da safe duk abin da ya rage a kwashe, don ruɓewa zai yi ya ɓata ruwan. Lokaci-lokaci a yayyanka masa tana, a wanke ta tas. Ni a ganina ba abin da ke fito da kurungu daga rami kamar tana.

Sauran a gurguje. Ƙasan tanki yashi mai laushi, don tsakuwa mai kaifi da datti suna cinye gashin bakin nan. Maɓoya: fasasshiyar tukunyar ƙasa marar kaifi ta wadatar, kuma da mamaki, in maɓoyar ta yi yawa ya fi fitowa. Corydoras a sa shida zuwa sama, shi kaɗai takura yake. In kun ga ya harba sama ya haɗiyi iska ya dawo, halinsa ne. Ruwa kuma a canja kashi ɗaya cikin huɗu duk mako, eh, ko da "mai shara" yana ciki.

In za ku ciro kurungu, kada ku sa raga. Ƙayoyinsa suna sarƙewa, kuma sukarsu da zafi. Ku kora shi cikin roba. In kun ji yana ƙiƙi-ƙiƙi, ƙayar gefensa yake gogawa, ku yi maza ku mayar da shi ruwa.