Shin Man Fetur Zai Ƙare? Bayani Daga Ƙasar Saudiyya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallonmu a Makka da Jidda da Madina. Yau za mu yi bayani a kan fargabar da ake yi cewa man fetur na raguwa a duniya, da kuma yadda lamarin ya shafi mu da ke zaune a ƙasar da tattalin arzikinta ya tashi a kan ɗanyen mai tun daga shekarar 1938, lokacin da rijiya ta bakwai ta Dammam ta fara fitar da shi.

Wannan fargaba ta daɗe. A shekarar 1956 wani masanin ƙasa Ba'amurke mai suna M. King Hubbert ya yi hasashen cewa man da Amurka ke haƙowa zai kai ƙololuwa sannan ya fara raguwa, kuma haka aka gani a 1970. Sai dai daga baya injiniyoyi sun gano hanyar farfasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa da ruwa mai tsananin ƙarfi domin tatso man da ke maƙale a cikinsu, har Amurka ta koma kan gaba a haƙar mai a 2018. Abin da ke ƙarewa a zahiri shi ne man da ke fitowa cikin sauƙi da arha, domin wanda ya rage sai an kashe kuɗi masu yawa kafin a same shi.

Filin Ghawar da ke gabashin Saudiyya ya isa misali. An gano shi a 1948, ya fara aiki a 1951, kuma babu filin mai na kan tudu da ya kai shi girma. Kowace rijiya tana turo mai da ƙarfin kanta tun tana sabuwa, amma a hankali ƙarfin ke raguwa, shi ya sa kamfanin mai na Saudiyya, wato Aramco, ke jawo ruwan teku daga tashar Qurayyah, ya tace shi, ya ɗura shi a ƙarƙashin ƙasa domin ya riƙa ingizo man zuwa sama. A 2019 kamfanin ya bayyana cewa iyakar abin da Ghawar ke iya fitarwa ganga miliyan 3.8 ne a rana, ƙasa da miliyan 5 da mutane da yawa suka daɗe suna zato. Duniya kuwa tana cinye sama da ganga miliyan 100 a kullum.

Masana ba su yi ittifaƙi a kan abin da ke tafe ba. Hukumar Makamashi ta Duniya ta sha yin hasashen cewa buƙatar mai za ta daina ƙaruwa wajen 2030 saboda yawaitar motocin lantarki, musamman a China, alhali ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, wato OPEC, na ganin buƙatar za ta ci gaba da hauhawa har zuwa 2050. A ganinmu, ƙasar da ke sayar da mai ya fi kamata ta ji tsoron raguwar masu saye fiye da ƙafewar rijiyoyinta, ganin cewa Saudiyya na da ajiyar da ta haura ganga biliyan 260.

Mazauna wannan ƙasa sun riga sun ɗanɗana illar faɗuwar farashin mai. Bayan farashin ganga ya faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, gwamnati ta ƙaddamar da shirinta na 2030 domin rage dogaro da mai. A 2017 aka fara karɓar riyal 100 a wata a kan kowane mutum ɗaya da baƙo ke ɗauke da shi a iƙamarsa, wato takardar izinin zama, kuɗin da ya kai riyal 400 a 2020, kuma magidanci mai mata da 'ya'ya biyar ya san nauyin wannan lissafi ranar sabunta takardu. Harajin saye da sayarwa ma ya fara da kashi 5 cikin 100 a 2018, ya koma kashi 15 a 2020. 'Yan uwanmu na Sudan sun ga abin da ya fi haka tsanani, domin da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, darajar kuɗi ta zube, rayuwa ta yi tsada.

Saboda haka ne Saudiyya ta juya ga hasken rana, inda ta gina tashar Sakaka mai megawat 300 da ta Sudair mai megawat 1,500, da burin samar da rabin wutar lantarkinta daga makamashi mai sabuntuwa nan da 2030. Aikin yana da nauyi, domin har yanzu idan zafi ya tsananta ana ƙona ɗanyen mai kai tsaye don biyan buƙatar na'urorin sanyaya ɗaki, kuma ruwan da ke zuwa famfunan Makka da Jidda daga tashar Shu'aiba ruwan teku ne da sai an ci makamashi mai yawa kafin a cire masa gishiri.