Kwamfutar da ba ta magana sai da dalili

Dubi wannan jirgi marar matuƙi da ke tsaye cak a sama. Kwamfutar cikinsa tana karanta na'urorin auna motsi, ta yi lissafi, ta aika wa injinan farfela umarni, ta sake maimaitawa, sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Ko iska ta kaɗa ko ba ta kaɗa ba, agogo ne ke cewa a yi. Batir yana tafiya, hanyar sadarwa kuma tana cika da saƙonnin da ba su ƙara komai ba.

A 1999 masana a Jami'ar Lund ta Suwidin, irin su Karl Johan Åström da Karl-Erik Årzén, suka ce me zai hana kwamfutar ta yi shiru har sai an sami dalili? Tana riƙe da awon ƙarshe da ta yi aiki da shi. Idan halin da ake ciki ya yi nisa da wancan awo har ya haura iyaka, sai ta aika sabon umarni.

To ina za a sa iyakar? Nan gizo ke saƙa, domin jirgin nan ba ya bin lissafi miƙaƙƙe: ninka ƙarfin tura shi ba ya nufin ninka sakamako. Kuskuren da bai kai komai ba a wani yanayi, a wani yanayin ya isa ya kifar da shi.

A 2007 wani masani, Paulo Tabuada, ya kawo amsa da ma'aunin Lyapunov, wanda masanin lissafi ɗan Rasha Aleksandr Lyapunov ya fito da shi tun 1892. Ma'auni ne mai kama da ƙarfin da ya rage a motsin. Muddin yana raguwa, tsarin na komawa daidai. Sai aka ɗaura iyakar da nisan tsarin daga inda ake son ya tsaya. Yana nesa, a yi masa sassauci. Yana kusa, a matse.

Sai dai dole injiniya ya tabbatar da lissafi cewa akwai mafi ƙarancin tazara tsakanin umarni biyu. In babu, umarnin na iya yin ta matsowa har ya zama ba adadi cikin ɗan lokaci, abin da ake kira halin Zeno, kuma babu kwamfutar da za ta iya wannan.

Na'urar awo kuwa har yanzu ba ta hutawa, tana sa ido kullum. Shi ya sa a 2010 Adolfo Anta da Tabuada suka nuna yadda kwamfutar za ta lissafa lokacin farkawarta na gaba tun kafin ta kwanta.