Amsoshin Tambayoyinku: Cocin da Ba Shi da Bishop, Wa Ke Riƙe da Ragamarsa?

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani malamin makaranta a Kafanchan. Ya ce ya je Kalaba ya ga cocin Presbyterian birjik, da ya tambaya aka ce masa ba su da bishop. Shi ne yake son sanin wa ke da ta cewa a cikinsu.

To Malam, amsar tana cikin sunan. Asalinsa kalmar Girkanci ce mai nufin dattijo. Tsarin ya samo tushe daga koyarwar John Calvin a birnin Geneva, almajirinsa John Knox ya kai shi Sikotland, inda ya kafu a 1560. Kowane coci yana zaɓen dattawa daga cikin masu ibada, su da fasto su zauna su tafiyar da al'amuransa.

Sama da su akwai majalisar gunduma, kuma a ganina nan ne gishirin maganar yake. Cocin yanki guda kowanne ya turo fastonsa da dattijo. Aikin da bishop ke yi shi kaɗai a wasu ɗarikun, wannan majalisa ce ke yin sa da ƙuri'a: ita ke tantance mai son zama fasto, ta naɗa shi, ta buɗe sabon coci, ta saurari ƙara idan rigima ta fi ƙarfin dattawan gida. Dattijon nan ko manomi ne, ƙuri'arsa daidai take da ta fasto. Wanda hukunci bai gamsar da shi ba sai ya ɗaukaka ƙara zuwa gaba, har babban taron ƙasa. Shugaban taron ma jagorancin zama kawai yake yi. A Sikotland shekara ɗaya yake yi ya sauka.

Kada a ɗauka abin a fatar baki ya tsaya. A 1843 fastoci sama da 450 sun fice daga Cocin Sikotland, suka bar albashi da gidajen da aka ba su, saboda masu filaye ke ɗora wa jama'a fasto ko ba sa son sa, kotunan gwamnati kuma suka goyi bayan masu filayen. Mai iyali ya bar muhallinsa a kan 'yancin talaka ya zaɓi mai yi masa wa'azi, wannan abu yana taɓa ni ƙwarai. Sai a 1929 akasarinsu suka sake haɗewa.

Wata baiwar Allah kuma daga Kumasi tana tambaya ko mutanen Sikotland ne suka kawo cocin Afirka ta Yamma.

Malama, a Najeriya haka ne. Hope Waddell ya iso Kalaba a 1846 tare da abokan aiki daga Jamaika, Mary Slessor ta biyo baya a 1876, wadda aka fi sani da yaƙi da kashe tagwaye. A ƙasarku Gana kuwa mishan na birnin Basel da ke ƙasar Siwizalan ne suka fara a 1828. Da Turawan Ingila suka kori Jamusawan cikinsu lokacin yaƙin duniya na farko, sai mutanen Sikotland suka karɓi aikin a 1918.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.