'Yan Layukan da Wakili Ke Karantawa Kafin Ya Taɓa Komai

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da 'yan'uwa masu sana'ar rubuta manhaja, barkanmu da yamma.

Maganata yau a kan 'yan layukan nan ne da mai manhaja ke rubutawa don ya shaida wa wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke aiwatar da aiki a madadin mutum, amfanin wani kayan aiki, wato wata manhaja da zai iya kira ta yi masa wani abu. Wakilin ba ya leƙa cikin manhajar. Suna yake gani, da bayani, da guraben da zai cike, shi ke nan. A kansu zai yanke hukuncin wanda zai kira da abin da zai zuba masa. Tun da kamfanin OpenAI ya kawo wannan tsari a Yunin 2023, sannan kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP ta jona wakili da kayan aiki a Nuwamban 2024, kowa ya duƙufa haɗa kayan aiki, amma bayanin sai a ƙarshe ake rubuta shi, a gurguje, hannu ɗaya na kan jaka.

Ga misali na kusa da mu. Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, da kwabo yake karɓar adadin kuɗi a manhajarsa, ba da naira ba. A ce ka rubuta wa wakili "adadin kuɗi" ka yi shiru. Mai kanti ya ce a cajin wani naira 5,000, wakili ya rubuta 5000, abin da zai shiga naira 50 ne. Ba a samu kuskure a manhaja ba, ba wata jar alama da za ta fito, wakilin ma zai ce maka an gama. Kai da ka rubuta bayanin ba za ka ga giɓin ba, domin kwabon yana cikin kanka. Kamar ka aiki sabon yaron shago ne ka ce "kawo wancan", kai ka san wanne, shi kuwa yau ya zo.

Shi ya sa nake cewa ba a auna bayani da karanta shi. Ko ya yi daɗin karatu, a zuba wa wakili aiki a ga abin da zai aikata.

Kuma aikin ya zama irin na gaske, mai ƙura. "A mayar wa Hajiya kuɗin kayan da ta saya jiya, ban da kuɗin ɗan aike." Wannan sai an nemo mai saye, an nemo cinikin, an yi lissafi, kafin a tura. Bayan ya gama, kada ku tsaya ga abin da ya faɗa, ku buɗe ma'ajiyar bayanai ku duba nawa ne ya fita. Haka kamfanin Sierra ya yi a gwajinsa na tau-bench a 2024, da ayyukan kanti da na tikitin jirgin sama. GPT-4o, samfurin ƙirƙirarriyar basira na OpenAI, bai ci rabin ayyukan ba. Da aka ce ya maimaita aiki guda sau 8 ya ci duka, a ɓangaren kanti bai kai kashi 25 cikin 100 ba. Don haka wanda ya gwada sau ɗaya ya ga ta yi, ya ce alhamdulillahi ya rufe kwamfuta, bai gwada komai ba tukuna.

Ku sa har da ayyukan da babu kayan aikin da ya dace da su. Jadawalin gwaji na jami'ar Berkeley yana auna wannan: wakili ya san lokacin da zai kame hannunsa?

Inda na fi so ku ɓata lokaci shi ne karanta tarihin abin da ya gudana, kira bayan kira. Maki zai gaya maka an faɗi, ba zai gaya maka a ina ba. A tarihin ne za ka ga yana ruɗewa tsakanin kayan aiki biyu masu suna kusan ɗaya, ko yana kiran abu guda sau biyar saboda saƙon kuskuren lamba ce kawai ba bayani. Anthropic ya ba da labari a Disamban 2024 cewa wakilinsa yakan ɓata da zarar ya canja wuri a cikin fayiloli, sai suka gyara kayan aikin ya riƙa neman cikakken adireshin fayil, matsalar ta kau. Kun ga wani sa'in gurbin ake gyarawa, ba a ƙara wa'azi a bayanin ba. In za ku gyara, ku canja abu ɗaya a lokaci guda, kuma ku ɓoye wasu ayyukan da ba za ku taɓa ba sai ranar jarrabawa, kada ku ɗinka bayanin daidai jikin tambayoyin da kuka sani.

Wani ya miƙo tambaya a takarda: ko akwai haɗari a jona kayan aikin da wasu suka rubuta? A Afrilun 2025 masu binciken tsaro na kamfanin Invariant Labs sun nuna ana iya cusa mugun umarni a cikin bayanin, wanda mai amfani ba ya gani amma wakili na karantawa, har ya kwashi fayilolin sirri ya tura waje. Kafin ka jona na wani, buɗe bayanin ka karanta shi duka, kuma ka sake dubawa duk lokacin da suka sabunta shi.