Jawabin Maraba Ga Mai Girma Minista A Ziyarar Da Ta Kawo Cibiyarmu Ta Yara Masu Buƙata Ta Musamman

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma Minista, ranki ya daɗe, tare da tawagar da ta rako ki, iyayenmu da suka baro ayyukansu suka zo, 'yan uwana malamai, masu gashin ƙashi da masu koyar da magana, sai kuma masu gidan na asali wato yaranmu da ke zaune a gaba, muna muku maraba lale, sannunku da zuwa. Za ku ji ina magana a hankali ina ɗan tsayawa, saboda malamar nan da ke gefena tana fassara wa yaranmu kurame da maganar hannu ne, kuma bana so ko kalma ɗaya ta wuce su tunda dai taron nasu ne.

Ranki ya daɗe, a takardar da ofishinki ya aiko an ce kina so ki ji daga bakinmu me ya sa mutum zai zaɓi wannan aiki ya mayar da shi sana'arsa ta rayuwa, wallahi na ji daɗin tambayar nan, don yawanci abin da ake tambayarmu shi ne yara nawa gare ku, kujeru nawa kuke buƙata, ba kasafai ake tambayar me ya kawo mu ba. To zan faɗi nawa.

Ina da ƙane, yana da shekara uku sanƙarau ya kama shi, Allah ya tashi kafaɗunsa amma jinsa ya tafi. Yaron da yake surutu kamar me, a hankali kalmomin suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya har ya koma sai nuni. Da ya isa shiga makaranta mahaifiyarmu ta kama hannunsa ni kuma ina biye da su riƙe da jakarsa sabuwa fil, aka duba shi aka ce a yi haƙuri nan ba wurinsa bane, babu mai iya koyar da shi. Har yau ina ganin yadda ya riƙa waiwayen yaran da ke cikin aji muna fita, yana jan zanin mama yana nuna musu, shi bai san abin da aka ce ba, ya ɗauka mun yi mantuwa ne za mu dawo. Jakar nan ta fi shekara biyu a rataye. Sai da Allah ya haɗa mu da wata malama da ta iya maganar hannu, ranar farko ta nuna masa ƙofa ta yi alamarta, ta nuna takalmi ta yi alamarsa, ai kuwa sai yaro ya tashi ya bi ɗakin yana taɓa komai yana juyowa yana kallonta, wannan fa? wannan fa? har ta gaji shi bai gaji ba. Ashe duk tsawon lokacin nan kansa cike yake da tambayoyi, hanyar yin su ce babu. Tun ranar na san abin da zan karanta.

Kowa a cikin malaman nan da kike gani yana da irin nasa labarin, wani ɗansa ne, wata maƙwabciyarta ce, wani kuma horon koyarwa kawai aka turo shi na wata uku sai ya kasa tafiya. Amma abu ɗaya nake so in faɗa a gabanki, ba tausayi ne yake riƙe mutum a aikin nan ba. Tausayi yakan kawo mutum bakin ƙofa, sati biyu ya yi kuka ya tafi. Wanda ya zauna shi ne wanda ya ga da idonsa cewa yaran nan suna koyo, kuma ya gane koyar da su ilimi ne da ake zama a karanta, da dabaru da ƙa'idoji, kamar likitanci ko injiniyanci.

Bari in ba da misali da wata yarinya a ajin ƙanana, bazan faɗi sunanta ba. An haife ta da lalurar da ta taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi, yatsunta a dunƙule suke, in ta kai hannu za ta ɗauki abu sai hannun ya wuce shi. Mutane da yawa in sun ga haka sai su ɗauka har da fahimta abin ya shafa, alhali ita tana gane komai. Malamarta ta naɗe fensir da soso ya yi kauri, ta manne takardar a jikin tebur don kar ta zame, mai gashin ƙashi kuma ya gyara mata zama ya sa ƙafafunta suka taka wani abu, don in jiki bai samu natsuwa ba hannu ba zai samu ba. Wata bakwai ana abu ɗaya kullum. Ranar da ta ja harafin farko na sunanta, a karkace yake ya cinye rabin shafi, malamar ta fito da gudu tana nuna wa duk wanda ta gamu da shi a baranda, mahaifin yarinyar kuwa da ya zo ɗaukarta ya karɓi takardar ya ninke ta a hankali ya sa a aljihun gaba bai ce komai ba, sai hawaye.

Kuma tarihi ma ya nuna haka. Louis Braille a Faransa yana ɗan shekara uku ya ji ciwo a ido a shagon mahaifinsa har ya makance, yana da shekara 15, a 1824, ya tsara rubutun nan na ɗigo shida da makafin duniya ke karatu da shi, irinsa za ki gani a aji na biyu in mun shiga. A Amurka kuma Helen Keller, wadda ta rasa gani da ji tun tana da wata 19, sai a 1887 ta samu malama Anne Sullivan, budurwa 'yar shekara 20 wadda ita ma idonta ba lafiyayye bane, ta riƙa rubuta mata kalmomi a tafin hannu har ranar da ta gane cewa ruwan da ke zuba a hannunta yana da suna. A 1904 Helen ta gama digiri. Kowa ya san sunan ɗalibar, mu a nan malamar muke yawan tunawa.

Ranki ya daɗe, UNICEF ta ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 ne a duniya suke da wata nakasa, wato kusan ɗaya cikin goma. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, a sashe na 24, ta ce ilimi haƙƙinsu ne tare da sauran yara, tun kafin nan ma a taron Salamanca na ƙasar Sifaniya a 1994 an amince makarantu su karɓi kowane yaro. Takardu kam akwai su, mutanen da za su tsaya a gaban allo ne suka yi ƙaranci. Sama da kashi 90 cikin ɗari na yara kurame iyayensu masu ji ne, ma'ana a gida babu mai iya yarensu, wa zai koya wa uwa in ba malami ba? Masana kuma sun ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida, mu kuwa sau da yawa sai yaro ya kai shekara shida ko bakwai ake kawo mana shi, lokacin an riga an yi asara mai yawa.

Shi ya sa roƙonmu bai wuce na mutane ba. A ba matasan da ke son karanta wannan fanni tallafin karatu, a sa darasin maganar hannu da rubutun makafi a horon kowane malami ba sai namu kaɗai ba, kuma a duba albashi da ƙarin girma, saboda aikin akwai gajiya ta gaske, ɗaga yaro daga keken guragu sau goma a rana yana cin baya, kuma na sha raka malamai nagari bakin ƙofa suna kuka suna cewa ba don son ransu za su tafi ba, iyali ne.

Yanzu in kin yarda za mu zaga azuzuwa. Roƙo ɗaya, in kin zo wurin yaro da ke kan keke ki ɗan rusuna ku haɗa ido, ki yi magana da shi kai tsaye ba da malamarsa ba, in ya yi jinkirin amsawa a jira shi. Yaran ajin kurame kuma tun jiya suke shawara, sun ce sai sun ganki da idonsu sannan za su raɗa miki suna da hannu kamar yadda suke wa duk wanda ya shigo cikinsu, to da ajinsu za mu fara.

Bismillah ranki ya daɗe, ga hanya.